Ya Faɗi, Ya Tashi, Ya Koma Fili: Jarumta Ce Ko Sakacin Manya?

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinai ne, na san ka sha cin karo da irin wannan fitowa, ko a fim ɗin Amurka, ko na Indiya, ko na 'yan Chana. Jarumi na cikin laluben gidan mugu, sai wani yaron mugun ya lallaɓo ta baya ya maka masa gindin bindiga a ƙeya. Ya zube, hoto ya yi duhu. Can bayan awa ɗaya ko biyu sai ga shi ya farka a ɗaure a kan kujera, ya girgiza kai sau biyu, ya yamutsa fuska, ya tsinke igiya, ya lakaɗa wa ƙarti goma duka. In fim ɗin Indiya ne ma, kafin magariba ya kai ga rera waƙa a cikin furanni. Babu mai tambayar ina ciwon kan ya shige. Mu 'yan kallo mun riga mun amince cewa duka a ka wani irin barci ne na dole, wanda ake tashi daga gare shi garau.

A ganina babu ƙaryar da ta kai wannan daɗewa a harkar fim, babu kuma wadda ta kai ta karɓuwa. Mutumin da aka buga har ya suma na awa guda, gadon asibiti ne wurinsa, in ma ya farka ke nan. Dubi Rocky, ɗan damben da duk duniya ta sani. A kashi na biyar na fim ɗin, wanda ya fito a 1990, likitoci sun shaida masa cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda dukan da ya sha a hannun Ivan Drago, suka ce ya haƙura da dambe. Bayan shekara 16, wato a 2006, Sylvester Stallone ya dawo da shi fage yana dattijo, aka share zancen ƙwaƙwalwa kamar ba a taɓa yin sa ba, 'yan kallo kuma suka tafa. To, a wannan watan ina so ne mu bar majigi mu leƙa wani fili inda yara ƙanana ke aikata abin da jaruman fim ke kwaikwayo, sai dai su babu daraktan da zai ce a tsaya a sake ɗauka.

Wasan zari-ruga ba namu ba ne, duk da cewa akwai masu buga shi a Legas da Kano, don haka bari in ɗan yi bayani. Kowane ɓangare 'yan wasa 15, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, a hannu ake ɗaukar ta a ruga da ita zuwa ƙarshen filin abokan hamayya. Hanyar tsayar da mai ƙwallo ita ce a auko masa da gudu a rungume shi a kai shi ƙasa. Babu hular kwano irin ta 'yan ƙwallon Amurka, iyaka wasu kan sa wata 'yar hular soso, wadda ke kare kunne da fatar kai daga yagewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. A Niyu Zilan, da Afirka ta Kudu, da Ingila, da Ailan, da Faransa, wasan nan gado ne, uba ya buga ɗa ya buga. Wanda ya kalli fim ɗin Invictus na Clint Eastwood, na 2009, ya ga yadda Nelson Mandela ya riƙi wasan ya haɗa kan baƙi da farare a gasar cin kofin duniya ta 1995. Sunan wasan ma daga wata makarantar kwana aka samo shi, a garin Rugby na Ingila, kuma tun a ƙarni na 19 malaman irin waɗannan makarantu suka ɗauke shi a matsayin hanyar mai da yaro namiji: ya iya jure ciwo, ya fifita ƙungiya a kan kansa, kada ya yi raki. Ka riƙe wannan tarihin, don za mu bukace shi a gaba.

Shi kuwa ciwon da nake magana a kai, Turawa na ce masa konkoshon, mu mu kira shi girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, taushi gare ta kamar awara, tana kuma lilo ne a cikin wani ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya kwatsam, ko ya juya da ƙarfi, sai ta yi gaba ta yi baya, zaruruwan jijiyoyinta su miƙe fiye da kima, aikinsu ya rikice. Ba dole sai an bugi kan ba, ko a ƙirji aka yi karo matuƙar kan ya fizgu, abin na iya faruwa. Ba kuma dole sai an suma ba. Kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo idonsu biyu. Babu jini, babu kumburi, kuma galibi ko an ɗauki hoton kai a asibiti ba a ganin komai. Abin da kawai ake samu shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, mantuwa, ko yaro ya riƙa maimaita tambaya ɗaya. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne in karaya ce ko targaɗe, don wanda ya karye ko ya so ya yi ƙarya ƙafarsa za ta tona shi. Wannan ciwon shi ne wanda jiki ba ya gaya wa kowa, sai mai shi ya buɗe baki.

A ranar 29 ga Janairu, 2011, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Benjamin Robinson ya buga wa makarantarsu wasa a garin Carrickfergus na Ailan ta Arewa. Bayan an dawo hutun rabin lokaci ya yi karo mai tsanani, aka duba shi a fili aka bar shi ya ci gaba. Sau uku ana duba shi, sau uku yana komawa. Mahaifiyarsa na tsaye a bakin fili hankalinta a tashe, kuma daga baya an ji shaida a gaban mai bincike cewa yaron ya kai har bai san nawa da nawa ake ci ba. Dab da tashi ya faɗi, bayan kwana biyu ya rasu a asibiti a Belfast. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa abin da ya kashe shi shi ne bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warware daga na farko ba. Idan haka ta faru, ƙwaƙwalwa kan kumbura cikin 'yan mintoci, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Ba kasafai abin ke aukuwa ba, amma idan ya auku, yara da matasa ya fi kamawa.

Labarin Rowan Stringer shi ya fi tsaya mini a rai, don shi ne ya rushe amsar da kowa ke saurin bayarwa. Yarinya ce 'yar shekara 17 a birnin Otawa na Kanada, ita ce kyaftin ɗin 'yan matan makarantarsu, tana kuma shirin shiga jami'a ta karanci aikin jinya. A watan Mayu na 2013 ta bugu a ka sau biyu cikin 'yan kwanaki, ranar Juma'a da ranar Litinin. Kanta na ciwo. Ta shiga intanet ta binciki alamomin girgizar ƙwaƙwalwa, ta kuma aika wa ƙawarta saƙon tes cewa tana zaton ta samu. Da aka tambaye ta ko za ta buga wasan Laraba, sai ta amsa cikin raha cewa babu abin da zai hana ta sai dai in mutuwa ta yi. Ba ta gaya wa iyayenta ba, ba ta gaya wa koci ba. Ranar Laraba 8 ga wata aka kayar da ita, kanta ya daki ƙasa, ranar 12 ga wata ta cika.

Ka ga ke nan, mai karatu, Rowan ba jahilci ne ya kashe ta ba. Ta san sunan ciwon, ta san alamominsa, ita ta gano shi a jikinta da kanta. Amsar da muke saurin bayarwa a irin wannan hali ita ce a wayar da kai, a buga takardu, a yi lacca. Madalla da wayar da kai, amma masu bincike sun daɗe da lura cewa tsakanin abin da yaran nan suka sani da abin da suke yi akwai rami mai faɗi. A wani bincike da aka wallafa a 2006, an tambayi ɗaliban sakandare 477 masu buga zari-ruga a Niyu Zilan, sai fiye da ɗaya cikin huɗu suka ce ya kamata wanda ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ya buga, in dai wasan babba ne kamar na ƙarshe. A Ailan kuma, a wani bincike da aka wallafa a 2015, an tambayi yara 304 'yan shekara 12 zuwa 18. Ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka taɓa tabbatar musu da ciwon sun koma wasa ba tare da izinin likita ba, sannan sama da kashi 70 cikin 100 sun ce za su buga muhimmin wasa ko da ba su gama warwarewa ba. Kuma ka tuna wannan amsa ce a kan takarda, a aji, babu ihun 'yan kallo babu zafin wasa.

A nan ne gizo ke saƙar. Me ya sa yaro mai hankali zai ɓoye abin da ya san zai iya halaka shi? In ka bi dalilansu ɗaya bayan ɗaya, ba za ka samu mugun hali ko guda ba. Ba ya son ya bar abokansa a cikin rana. Ba ya son kocin da ya yarda da shi ya ji kunya. Ya yi wata tara yana atisaye saboda wannan rana. Yana tsoron in ya fita wani ya ɗauke masa gurbi, ko a ce masa rago. Riƙon amana, da juriya, da ƙin son kai, ai su ne halayen da kowane uba ke fatan ɗansa ya tashi da su, su ne kuma waɗanda malaman makarantun Ingila suka ce wasan zai koyar tun shekaru kusan 200 da suka wuce. Wasan ya cika alkawarinsa, ya koyar. Abin da ke da ɗaci shi ne, yaron da ya fi kowa ɗaukar tarbiyyar shi ya fi kowa shiga haɗari. Malalacin yaro mai raki, da ya ji jiri zai nemi benci ya zauna, ya kuma tsira. Kyaftin ce ke mutuwa.

To shin abin da Rowan da Benjamin suka yi jarumta ce? Zuciya na so ta ce e, ni ma tawa haka take so. Amma mu ɗan yi tunani. Idan muka kira mutum jarumi, muna nufin ya ga haɗari ya san girmansa, yana da damar ja da baya, ya zaɓi ya shiga saboda wani abu da ya cancanci a sai da rai a kansa. Wanda ya faɗa gidan da ke cin wuta don ya ɗauko jariri, wannan ya auna ransa da ran jaririn. Shi kuwa ɗan shekara 14, me ya auna da me? A gefe guda kofin makarantu, wanda bayan shekara biyar ko waɗanda suka ci ba za su tuna inda aka ajiye shi ba, a ɗaya gefen kuma shekara 60 ko 70 na rayuwa. Babba ya san haka, yaro bai sani ba, ko kuma ya sani da baki amma bai sani da zuciya ba, don sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, wannan wutar kuwa wani lokaci taku ɗaya take bayarwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A duk sauran raunuka, mai ciwo na da lafiyayyen kai da zai yanke shawara a kan hannunsa ko gwiwarsa. A wannan kuwa, alƙalin ne da kansa aka buga. Ka je ka tambayi yaron da bai san nawa ake ci ba, "Lafiya kake? Za ka iya ci gaba?" ya ce maka e, sai ka ce ai shi ya zaɓa. Haba! Da wace ƙwaƙwalwar ya zaɓa? Tamkar ka sa wanda ya sha maganin barci ya sa hannu a takardar sayar da gidansa ne. Saboda haka ni ban yarda a kira wannan jarumta ba, ban kuma yarda a kira shi wauta ba. Biyayya ce, yaro ya yi abin da ya ga ana yaba wa manya a kai.

Kuma lallai ya gani. A watan Yuli na 2013, wata biyu kacal bayan rasuwar Rowan, miliyoyin mutane sun kalli George Smith na Ostareliya ya gwabza kai da Richard Hibbard a birnin Sidni. Sai da aka rirriƙe shi aka fitar da shi, ƙafafunsa na harɗewa, amma bayan minti biyar sai ga shi ya dawo fili. A lokacin hukumar wasan ta duniya na da wani gwaji na minti biyar da ake yi a bakin fili, wanda saboda shi ne wani likita, Barry O'Driscoll, ya ajiye muƙaminsa a kwamitin lafiya na hukumar a 2012, yana cewa ba a iya wanke ƙwaƙwalwa daga zargi cikin minti biyar. A Fabrairun 2015 ma George North na Wales ya bugu sau biyu a wasansu da Ingila, a na biyun kyamara ta nuna shi ya zube kamar buhu, amma ya ƙarasa wasan. Yanzu ka ɗauki yaro ɗan shekara 13 da ya kalli wannan ranar Asabar, ranar Litinin ka miƙa masa takardar wayar da kai. Wanne kake jin zai ɗauka, takardar ko abin da idonsa ya gani?

Su manyan da suka yi wannan juriya, yau ga sakamakon yana fitowa. Steve Thompson na cikin 'yan Ingila da suka ci kofin duniya a 2003. A 2020, yana da shekara 42, aka tabbatar masa da cutar mantuwa irin ta tsofaffi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba ya tuna wasan ƙarshen da suka ci. Yana kallon kaset ɗin kamar wani ne daban ke bugawa. Ka yi tunanin wannan da kyau: ya ba da ƙwaƙwalwarsa don ya samu rana ɗaya ta ɗaukaka, ranar kuma ta tafi tare da ƙwaƙwalwar. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun maka hukumomin wasan a kotu. A 2022 masu bincike a Jami'ar Glasgow, ƙarƙashin Farfesa Willie Stewart, sun bi tarihin lafiyar tsofaffin 'yan wasan ƙasar Sukotlan su 412, suka gano cewa haɗarin kamuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kamar sau biyu da rabi.

Masu kallo za su tuna fim ɗin Concussion na 2015, inda Will Smith ya fito a matsayin Dakta Bennet Omalu, ɗan Nijeriya daga Jihar Anambara, wanda a 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka, Mike Webster, ya gano cutar da ake kira CTE. A bar zancen karin harshen da Will Smith ya yi, wanda babu ɗan Nijeriyar da ya ji ya gane na wane gari ne. Matsalata da fim ɗin ita ce ya sauƙaƙa wa mai kallo. Ya ba mu likita mai gaskiya, ya ba mu manyan kamfani masu ɓoye gaskiya, muka fito daga kallo muna jin haushin wasu masu kwat da ke can nesa. Babu shakka masu kwat ɗin na da laifinsu. Amma a filin makarantar su Benjamin babu kamfani, babu miliyoyin daloli. Akwai malami, da alƙalin wasa, da iyaye, mutanen kirki waɗanda babu wanda ya fito daga gida da nufin cutar da yaro. Al'ada ce ta yi aikinta, ita kuwa al'ada ba ta da fuskar da za a ba ɗan wasa ya fito a matsayin mugu.

Daga nan ne wasu suka ce to a hana baki ɗaya. Shi kansa Omalu ya rubuta a 2015 cewa bai kamata a bar yaro ƙasa da shekara 18 ya yi wasannin karo ba, kamar yadda ba a ba shi taba ko giya. A watan Maris na 2016 likitoci da masana fiye da 70 sun rubuta wa gwamnatocin Birtaniya da Ailan buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a hana kayarwa a zari-rugar makarantu. Hujjarsu na da ƙarfi, musamman da yake a makarantu da dama na Ingila wasan dole ne a darasin motsa jiki, yaro ko ba ya so sai ya shiga. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari: babu hujjar tilasta wa ɗan wani ya sa kansa a karo. Amma hanawa gaba ɗaya, nan na ɗan ja baya. Siya Kolisi ya tashi cikin yunwa a unguwar Zwide ta Afirka ta Kudu, zari-ruga ce ta samo masa gurbin karatu kyauta yana ɗan shekara 12, ya zo ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙasarsa, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. Irinsa ƙanana suna da yawa, waɗanda wasan ya ba abokai da mutunci da wurin zuwa da yamma. Kuma yaron da bai koyi yadda ake kayarwa da sanya kai a inda ya dace ba sai ya kai 18, ranar da ya fara zai fara ne da ƙarti masu kilo 100. Shi ma mahaifin Benjamin, Peter Robinson, bai nemi a kashe wasan ba. Abin da ya yi ta yawo yana nema shi ne ƙa'ida ɗaya: in ana shakka, a fitar da yaro. Sukotlan ta karɓi wannan a matsayin ƙa'idar dukkan wasanninta a 2015.

Wannan ƙa'ida ta burge ni ne saboda ta gane inda matsalar take. Ta cire hukuncin daga hannun yaro. A Niyu Zilan an ba alƙalan wasa shuɗin kati, wanda aka fara gwadawa a 2014. Da alƙali ya ɗaga maka shi ka fita ke nan, ba ka dawowa sai ka cika kwanakin hutu likita ya sa hannu. A Birtaniya, ƙa'idar da gwamnati ta fitar a Afrilun 2023 ta ce wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a wasannin makarantu da na unguwa ba zai koma gasa ba sai bayan aƙalla kwana 21. A shekarar ne kuma Ingila ta sauko da iyakar inda ake kama mutum zuwa ƙasan ƙirji, don kawuna su daina haɗuwa, bayan Faransa ta riga ta yin irin haka a 2019 sakamakon mutuwar matasan 'yan wasa huɗu cikin watanni takwas. Wasu na ganin wannan tauye wa yaro 'yanci ne. Ni kuwa gata nake gani. Yaron da aka fitar da ƙarfin doka yana iya yin fushi, ya buga ƙafa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, mutuncinsa a idon abokansa bai taɓu ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ta samu hutu. An ɗauke masa nauyin da tun farko bai kamata a ɗora masa ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma amfanin hangen shi ne babban ya yarda a ji haushinsa. Kocin da ya fitar da gwaninsa saura minti goma a wasan ƙarshe, aka ci su, iyaye suka yi masa ca, a wurina shi ne ya yi abin da ya cika sharuɗɗan jarumtar da muka ambata, don ya san abin da zai rasa kuma da lafiyayyen kai ya zaɓa.

Mu ma nan ba baƙin wannan ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda ake yi wa wanda ya sha kaye ya miƙe yana tangaɗi kirari, makaɗa na zuga shi ya koma. Mu masu harkar fim da rubutu kuma muna da namu kason, don ban taɓa ganin fim ɗin wasanni da jaruminsa ya ɗaga hannu ya ce kaina na juyawa, ya fita, ya yi mako uku yana kallon abokansa daga benci ba. Na san dalili, fitowar ba ta da kiɗa, da wuya darakta ya sa ta motsa zuciya. Amma Lindsay Anderson ya nuna tun a 1963, a fim ɗinsa This Sporting Life, cewa ana iya ɗaukar ɗan zari-ruga a matsayin mutumin da ake cinye jikinsa ana tafa masa, fim ɗin kuma ya yi kyau har Richard Harris ya samu kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes.

Saura tambaya ɗaya, wadda doka ba ta iya amsawa. Shuɗin kati na aiki ne a kan abin da alƙali ya gani. Ciwon Rowan kuwa babu babban da ya gani, a wayar ƙawayenta kawai yake. Mai karatu, in kai ne aka aiko wa wannan saƙon kana ɗan shekara 17, me za ka yi? In ka gaya wa koci ka zama ɗan tsegumi, ka hana aminiyarka wasan da take mafarki, wataƙila ta daina yi maka magana, kuma mafi yawan lokuta da ka yi shiru ma babu abin da zai faru, ta buga ta tashi lafiya, kai ka zama mai baƙin baki. Ban ga laifin yaran nan ba ko kaɗan, don babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai sirrin da riƙe shi ya fi tona shi cin amana. Binciken da aka yi kan mutuwar Rowan a 2015 ya fito da shawarwari 49, daga cikinsu aka samu dokar da lardin Ontariyo ya zartar a 2018 mai ɗauke da sunanta. Dokar ta wajabta wa 'yan wasa matasa, da iyayen waɗanda ba su kai 18 ba, da koci-koci, su karanta bayanin ciwon duk shekara, su kuma amince da wasu ƙa'idojin ɗa'a kafin a yi musu rajista. A cikin ƙa'idojin akwai alkawarin cewa ɗan wasa zai faɗa idan ya ji alamar ciwon a jikinsa, zai kuma faɗa idan ya ga alamar a jikin abokinsa.